Ranar da Memtest Ya Yi Mana Ƙarya Sau Biyu

Yau labarin wata saba zan ba ku, wadda ta hana ni barci makon jiya.

Sabar wani ofis ce, sai ana cikin aiki ta mutu ta tashi da kanta. Muka ce bari mu gwada RAM. Muka ɗora Memtest86+ daga filashi, tsohuwar siga 5.01. Ba a yi minti ashirin ba allo ya yi jawur da kurakurai, can kuma ya ƙame ƙam. Oga ya ce a sayo sababbin RAM guda takwas. Kun dai san kuɗin RAM ɗin saba, sai na ce ranka ya daɗe, a ba ni kwana ɗaya.

Ita 5.01 tun 2013 ta fito, kuma an san ta da wannan hali: idan ka sa ta yi gwaji da duk ƙwaƙwalen firosesa a lokaci guda, takan daskare ko ta nuna kuskuren da babu shi. Na sauko da siga ta 6, wadda ta fito a 2022. Ta kwana tana gwaji, zagaye huɗu, ko kuskure ɗaya babu.

To shi ke nan, RAM lafiya lau? Ina! Nan ne ƙarya ta biyu. RAM ɗin saba mai ECC ne, wato idan bit ɗaya ya juye, shi da kansa yake gyarawa kafin manhajar gwaji ta gani. Sai bit biyu sun juye tare gyara ya gagara, saba ta faɗi. Saboda haka na bar Memtest, na buɗe rajistar IPMI, na duba saƙonnin EDAC a Linux. Ai kuwa ga shi, RAM ɗaya ne ake ta gyara wa kuskure ba ƙaƙƙautawa.

Duk da haka ban ce a saya ba. Na cire shi na mayar wani rami. Da kuskuren ya tsaya a tsohon ramin, to laifin madabod ne, ko ma ƙura, kun san hunturunmu. Amma ya bi RAM ɗin. Guda ɗaya muka saya, kuma yau kwana shida saba ba ta faɗi ba.