Labaran Farkon Duniya a Ajin Firamare



Duk malamin da ya yi niyyar kawo wa yara labarin yadda wata al'umma take cewa duniya ta faro, iyaye ne suke fara faɗo masa a rai. Yana tsoron gobe wani uba ya shigo ofishin hedimasta ya ce an koya wa ɗansa shirka. Tsoron nan yana da hujja. Sai dai ina ganin muna raina hankalin yaran. Tun kafin Bahaushen yaro ya shiga aji ɗaya ya san Gizo da Ƙoƙi, kuma bai taɓa ɗaukar tatsuniyar kakarsa daidai da karatun allo ba.

Shawarata ita ce a gabatar da kowane labari da sunan masu shi, a ce ga abin da mutanen wuri kaza suke faɗa. Daga nan a tambayi yara: da me aka yi duniyar a wannan labari?

Yarbawa sun ce da fari ruwa ne ko'ina. Babban abin bautarsu, Olodumare, ya aiko wani abin bauta mai suna Obatala, ya sauko ta kan sarƙa, ɗauke da ƙasa cikin kwanson dodon koɗi, da kaza mai yatsu biyar. Ya zuba ƙasar, kazar ta yi ta tono tana barbazawa har tudu ya samu, wurin ya zama Ile-Ife. Wata ruwaya ta ce wani mai suna Oduduwa ne ya ƙarasa aikin, don Obatala ya sha bammi ya bugu. Yaron da ya taɓa ganin kaza tana tona shara a tsakar gida ba ya bukatar ƙarin bayani. Su kuwa Fulanin Mali, daga wani ƙaton ɗigon madara suka ce komai ya faro. Ko ɗan aji huɗu zai gane dalili: makiyayi da nono yake rayuwa. A ƙasar Sin, an ce wata abar bauta mai suna Nuwa ce ta gina mutane da rawayar laka, irin wadda ta cika kwarin Rawayen Kogi. Ka ga yaro ya koyi labarin ƙasa da sana'o'in mutane ba tare da an taɓa aƙidarsa ba.

Labarin Babila, Enuma Elish, da wani Bature mai suna George Smith ya buga fassararsa a 1876, ya cika yaƙi da zubar da jini. A bar wa 'yan sakandare.

Kada malami ya jera ƙissar Annabi Adamu, alaihis salam, cikin waɗannan yana kwatantawa. Wurinta darasin addini. Haka kuma kada ya bari aji ya fashe da dariya idan an ambaci Obatala. Har yau akwai masu bautarsa a Ife, kuma a makarantun Sabon Garin Kano ko Kaduna, mai yiwuwa yaron da ke zaune a benci na biyu daga bakin kakarsa ya fara jin labarin.