Hatimin Wasiƙun Reshenmu



Mu 'yan kwamitin sadarwa mun tsaya gabanku ne game da wasiƙar imel da ta zagaya a zangon da ya wuce da sunan reshenmu, tana neman lambar asusun banki da ta BVN, wai za a biya bashin ƙarin girma. Ba daga gare mu ta fito ba. Wasu sun amsa, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin adireshin da ke samanta namu ne, babu harafin da ya sauya.

Ɓarakar tsohuwa ce. Ƙa'idar aika imel da aka shimfiɗa a 1982 ba ta neman shaida daga mai aikawa, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. Ana toshe ta ne da bayanai uku da ake sakawa a rajistar adireshinmu na intanet, wadda masana ke kira DNS.

SPF shi ne jerin kwamfutocin da muka yarje wa su aika saƙo da sunanmu. DKIM kuwa hatimi ne da ake bugawa da mabuɗin sirri, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da muka bayyana a rajistar. In an taɓa wasiƙar a hanya, hatimin ba zai yi daidai ba. Waɗannan biyu mun kammala su. Dama tun Fabrairun 2024 Google ke buƙatar aƙalla ɗayansu daga masu aika saƙo zuwa Gmail.

Na uku, DMARC, shi ne ke duba ko sunan da mai karatu ke gani ya dace da abin da aka tantance, sannan ya gaya wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta fāɗi: ya lura kawai, ya keɓe ta, ko ya ƙi ta. A matakin lura muke yanzu, da gangan. In muka yi gaggawar cewa a ƙi, sanarwarmu ta gaskiya da ke fita ta wata manhaja da muka manta da ita za ta salwanta tare da ta ɓarayi.

Ku sani kuma, duk wannan ba ya hana mazambaci sayen adireshi mai kama da namu. Reshe ba zai taɓa neman BVN ta imel ba.

Roƙonmu ga sakatare da ma'aji da wakilan makarantu: kowa ya kawo mana sunan manhajar da yake aika saƙon reshe da ita kafin taro mai zuwa, domin a ranar za mu nemi izininku mu koma matakin ƙi.