Jawabi Ga Iyaye Da Ɗalibai: Wa Zai Duba Mana Dabbobinmu?

Iyayenmu, malamanmu da 'ya'yanmu ɗalibai na Gangare, muna godiya da kuka amsa kiran nan.

Jama'a, mu ne fataken shanu, mu ne mahauta, mu ne dillalai a Kara ta Bukuru. Amma in saniya ta kwanta, ɗan wa muke kira? Kowane uba so yake a ce ɗansa likitan mutane ne ko lauya. In yaro ya ce zai karanci dabbobi, sai a ce, "Kai, duk bokon naka a bin awaki zai ƙare?" To, wannan kuskure ne babba.

Ga Vom nan, ba ta kai tafiyar awa guda daga nan ba. Tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a can, ana haɗa allurar rigakafi. Dattawanmu ba su manta da ciwon bushiya na 1983 ba, da ya karkashe shanu ya talauta masu garke. Da allura da aikin malaman dabbobi aka ci ƙarfinsa, har a 2011 aka ba da sanarwar ya ƙare a duniya baki ɗaya.

Sai dai mu fahimci abu guda, don nan yaranmu ke ruɗewa. Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wanda ke son zama likitan dabbobi, sai ya shiga tsangayar likitancin dabbobi, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ko ta Jami'ar Jos, ya yi shekara 6, sannan a yi masa rajista. Wanda ya karanci ilmin halittar dabbobi, wato zuwoloji, shekara 4 zai yi, amma fa bai zama likita ba. Aikinsa bincike ne, ko koyarwa, ko kula da namun daji irin na gandun dajin Jos, ko nazarin tsuntsaye kamar yadda ake yi a dajin Amurum da ke Laminga. Wanda kuma bai samu jami'a ba, kada ya zauna gida. Akwai Kwalejin Lafiyar Dabbobi ta Tarayya a Vom, difloma shekara 2 ce.

Zaɓen nan tun daga aji huɗu na sakandare ake yin sa. Yaron da ya guje wa bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi, ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin ya ga takardar JAMB. Iyaye, ku riƙa tambaya: wane darasi ɗana ya ɗauka? Mata ma kada a bar su a baya, ai su ke kiwon kaji da tumaki a gidajenmu.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku cike fom, ku je asibitin dabbobi ku wuni, ku ga aikin da idonku. In jini da warin garke ba su kore ku ba, to bismilla.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu zaman lafiya a garin nan. Wassalamu alaikum.