BAL'AMU A KAN TITI

Karatu: Littafin Ƙidaya 22:21-35

  

Makon jiya mun je asibiti mun gai da wani ɗan'uwa, mai bishara a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu na ƙauye. Shekaru da yawa ke nan da keke yake zuwa aikinsa. Ran wata Lahadi da sassafe ya ɗaura Littafi Mai Tsarki a bayan kekensa ya kama hanya. Da ya kai wata gangara, inda ruwan damina ya cinye bakin kwalta, sai wata bas ta taso masa daga baya tana danna oda. Gabansa rami, damansa lambatu. Ya ɗan shigo cikin titi domin ya kauce wa ramin. Direban ya matse shi, yaron mota ya leƙo ya ɗura masa ashar, jikin motar ya taɓa kan keken. Ya faɗi, hannunsa na dama ya karye. Motar ba ta tsaya ba. Waɗanda suka ga abin sun ce a bayan motar akwai ayar Littafi Mai Tsarki, an rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Yanzu jama'arsa ba su da mai yi musu wa'azi sai ya warke, gonarsa kuma ba mai yin shara. Mun kuma ji cewa waɗansu matasanmu sun ce sun gane motar, za su tare ta a mararraba. Saboda wannan ɗan'uwa, da wannan direba, da waɗannan matasa, muka zaɓi karatunmu na yau.

Kun san labarin. Balak, Sarkin Mowab, ya aika da manzanni da alkawarin lada mai yawa domin Bal'amu ya zo ya la'anta Isra'ila. Bal'amu ya tashi da safe, ya ɗaura wa jakarsa sirdi, ya kama hanya. Mala'ikan Ubangiji ya tsaya a kan hanyar da takobi a zare. Jakar ta gan shi, Bal'amu bai gani ba. Da fari ta ratse cikin gona, ya buge ta. Na biyu, a wata ƙunƙuntar hanya tsakanin gonakin inabi, katanga dama da hagu, ta raɓa jikin katanga ta matse masa ƙafa, ya sake bugun ta. Na uku, a inda ba wurin juyawa ko kaɗan, ta kwanta. Sai ya husata ya yi ta dukan ta da sanda.

Masu keke, kada ku ji haushi ku ce fasto ya kwatanta ku da jaka. A cikin wannan labari ita ce mai gani, annabin shi ne makaho.

Abu na fari da muke so mu lura shi ne, wanda yake ƙasa yana ganin abin da na sama ba ya gani. Direba yana zaune bayan gilashi, ƙafafun motarsa huɗu. Ramin da zai taka ya ji ɗan girgiza kaɗai, shi ne ramin da zai kā da mai keke. Yashin da ruwa ya tara a bakin titi, da fasasshiyar kwalba, da ƙofar motar da aka faka wadda za a iya buɗewa ba zato, da yaron da ke shirin tsallakawa, duk mai keke yana ganin su. In ya shigo cikin titi, sau da yawa ba taurin kai ba ne, ransa yake ceto. Wani lokaci ma har direban yake ceto, kamar yadda mala'ikan ya faɗa wa Bal'amu cewa da ba domin jakar ta kauce ba, da shi ne ya mutu.

Abu na biyu, me ya sa Bal'amu yake sauri? Manzo Bitrus ya faɗa mana a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, cewa son lada ne ya ja shi. Mun san halin da direbobin haya suke ciki. Mai mota yana jiran kuɗin balas da yamma, ga kuɗin tasha, ga tsadar mai. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, abin ya ƙara tsanani. Wannan tsada ɗin ce kuma ta sa ma'aikata da ɗalibai da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka komo kan titi. Ashe direba da mai keke wahala ɗaya ce ta fito da su, abinci ɗaya suke nema wa 'ya'yansu. Amma 'yan'uwa, bari mu yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, ya riga ya wuce tsawon ɗakin sujada na ƙauye. In kuwa ya rage gudu ya bi bayan mai keke har hanya ta buɗe, me ya rasa? Daƙiƙa goma, ko ashirin. Wane fasinja ne kuɗinsa zai biya hannun mutum?

Kada mu ɗora wa direbobin haya laifin duka. Bal'amu ba ɗan tasha ba ne, mutum ne da ake ce da shi mai jin maganar Allah. Mu fastoci da dattawa, sau nawa muka makara zuwa sujada ko taron majalisa, muka danna wa tsoho mai keke oda har ya faɗa ciyawa, sa'an nan muka hau bagadi muka yi wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci? Mu ma mun yi, muna kuma roƙon gafara. Ayar da muka manna a gilashin mota ba ta tuƙi. Mutanen da muka wuce a hanya ba ayar za su tuna ba, tuƙinmu za su tuna.

Abu na uku, da Ubangiji ya buɗe bakin jakar ta tambayi laifinta, Bal'amu bai ce ta ɓata masa lokaci ba. Cewa ya yi ta maishe shi abin ba'a, da kuma akwai takobi a hannunsa da ya kashe ta. Girmankai ke nan. A ƙasarmu mun ɗauki keke abin hawan matalauci, mai mota kuwa yana ganin titi gādonsa ne. A shekara ta 2001 Ministan Sufuri na Nijeriya, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga mutane su koma hawan keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja. Wata bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Mutane da yawa dariya suka yi. In minista bai tsira ba, ina mai bishara, ina mai sayar da itace, ina ɗan makaranta? Bal'amu ya yi fatan takobi bai samu ba. Direba kuwa takobinsa yana hannunsa, wato ƙarfe mai nauyin fiye da tan guda, a gaban mutumin da ba abin da ya kare shi sai rigarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. A Ingila, tun 2022, ƙa'idar hanya ta ce direba ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi sa'ad da yake wuce mai keke. Mai bi ba ya bukatar a kafa masa doka kafin ya yi haka. Tun a Maimaitawar Shari'a sura 22 Allah ya umarci mai gina gida ya kewaye bakin soronsa, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kansa. Wanda abin yake hannunsa, shi ne zai yi rigakafi.

To, yanzu gare ku masu keke. Me jakar ta yi da aka buge ta? Ba ta yi harbi ba, ba ta yi cizo ba, ba ta kuma ci gaba ta shiga bakin takobi domin ta faranta wa maigidanta rai ba. Ta tsare rai, da lokaci ya yi kuma ta yi magana. Abu biyu ke nan muke roƙon ku.

Ku tsare ranku. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, keke ma ta dama zai bi, tare da motoci, ba ya fuskance su ba. Ku gyara birki, kada ku dogara ga tafin takalmi. Da dare ku sa fitila gaba, da abu mai ƙyalli a baya, ku sa riga mai haske. Kafin ku kauce wa rami ku waiwaya, ku miƙa hannu domin na baya ya san nufinku. Kada ku kutsa tsakanin tirela da bakin titi a kwana ko a shataletale, gama in ba ku ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba, ƙafafun baya kuma sukan yanke kwana. Samari, ku daina kama bayan tifa domin ta ja ku a hawa. In kuka ji mota tana ruri a bayanku, kuka gane mai ita ba shi da niyyar ragewa, ku sauka gefe ku tsaya ya wuce. Ko da gaskiya taku ce, gaskiya ba ta ɗora ƙashi. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa.

Ku tsare bakinku da hannunku kuma. Kada ku rama zagi, kada ku yi daƙuwa, kada ku buga jikin mota, kada ku bi direba zuwa inda ya tsaya domin ku gwada masa. Ba ku san abin da ya sha ba, ba ku san abin da ke ƙarƙashin kujerarsa ba. Karin Magana sura 15 ta koya mana cewa amsa mai taushi takan kwantar da hasala. Ku tuna kuma, mai keke ma yakan zama Bal'amu. Sa'ad da kuka kaɗa wa tsohuwa mai kaya a kai ƙararrawa har ta firgita, ko kuka tsawata wa mai tura baro, abin da aka yi muku ne kuka yi wa na ƙasa da ku.

Amma haƙuri ba shiru ba ne. Jakar ta yi tambaya, tambayarta kuwa daidai ce. Ku riƙe lambar mota, da launinta, da wurin, da lokacin. Ku kai ƙara wurin 'yan sanda, ko wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 domin wannan aiki, lambarta ta gaggawa kuwa 122 ce. In motar haya ce, shugabannin tasha sun san direbobinsu. Manzo Bulus, a Romawa sura 12, ya hana mu ɗaukar fansa, nan da nan kuma a sura 13 ya nuna mana cewa an ba mahukunta ikon hukunta mai laifi. Surorin nan biyu tare suke tafiya.

Matasanmu, 'ya'yanmu, da ku muke magana yanzu. Mun san zafin da kuke ji, mu ma mun ga hannun nan a naɗe. Amma ku bar mararrabar nan. Kun san abin da ya sa direbobi da yawa ba sa tsayawa in sun buge mutum? Tsoron duka da ƙone mota. Duk motar da aka ƙone, an koya wa direbobi ɗari su gudu su bar mai rauni a kwance. Gobe wanda za a bari a kwance, wataƙila ƙanenku ne. Kun kuma san garuruwanmu. Rigimar da ta fara da mota da keke, kafin rana ta faɗi an fara tambayar sunan direba da addininsa, sai a kai ga gidajen mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Dattawan ikilisiya sun karɓi maganar, za su bi ta wurin hukuma da shugabannin tasha har a ga direban. Ku da kuke da ƙarfi, gonar mai bishara tana jiran ku ran Asabar. Ku zo da fartanya.

Kai kuma direba, in kana jin mu, labarin Bal'amu bai ƙare da duka ba. Ubangiji ya buɗe idanunsa, ya sunkuya har ƙasa, ya amsa cewa ya yi zunubi. Mutumin da ka bari a lambatu yana da rai. Mun tambaye shi abin da yake so a yi maka, ya ce yana so ya ga fuskarka kaɗai, ya nuna maka inda ramin yake. Ka zo wurin kowane fasto ko dattijo, za a raka ka, ba wanda zai taɓa ka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, kai ne mai tsaron fitarmu da shigarmu. Ka warkar da bawanka, ka kuma ƙarfafa jama'arsa. Ka buɗe idanun masu riƙe da sitiyari su ga mutum a kan kowane keke. Ka ba masu keke hikima da haƙuri, da ƙarfin zuciya su faɗi gaskiya a inda ya kamata. Ka kwantar da zukatan matasanmu. Ka gafarta mana saurinmu da girmankanmu. Ka kai kowa gida lafiya yau. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.