Jawabi: Mai shan tramol maras lafiya ne



A 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye wani magani, suka kasa motsi. Ya ba su L-dopa, suka tashi. Nan ya gane aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Ƙarancinsa ke kawo Parkinson, ciwon makyarkyata na tsofaffi. An ba shi lambar Nobel a 2000.

Dofamin ɗin nan kuma ke sa jin daɗi. Taba, giya da tramol suna tunkuɗo shi da yawa, har ƙwaƙwalwa ta saba, mutum ya kasa bari.

To iyaye, duka ba ya warkar da wannan ciwo. Ku kai ɗanku gidan likita.