Gudu, Tsira da Mafaka: Nazarin Wata Kalmar Helenanci



Abin da za mu tattauna yau kalma ce guda daga Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci. Kalmar ita ce feugo, ma'anarta gudu. Da ita mala'ika ya umarci Yusufu ya ɗauki jariri da uwarsa zuwa Masar saboda sharrin Hirudus (Matiyu 2:13). Da ita kuma aka siffanta makiyayin haya wanda ya hangi kyarkeci ya watsar da tumaki (Yahaya 10:12). Ashe kalmar ba ta yabo, ba ta zargi. Dalilin gudun ne ke rarrabe su.

Helenawa sukan ɗora mata ɗafa-goshi, ma'ana ta ƙaru. Ekfeugo shi ne kuɓuta, kamar yadda Bulus ya tsira daga Dimashƙu cikin kwando. Katafeugo kuwa gudu ne zuwa mafaka. Mu ma Hausawa mun bambanta gudu da tsira, mun kuma bambanta ƙaura da hijira.

To, mu juyo gida. A 1804 Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu, ba wanda ya kira wannan tsoro, domin al'umma ya tserar. A Afrilun 1906 kuwa, da sojojin Ingila suka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya ƙi gudu, ya tsaya har aka kashe shi tare da jarumansa. Wancan ya tafi, wannan ya tsaya, kuma kowannensu amana ya riƙe.

Haka nan a 2020 da 2022, da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, magidanta suka kwashi iyali zuwa tudu, suka bar shinkafa cikin ruwa. Wannan gudun Yusufu ne, ba abin kunya ba. Amma ma'aikacin da aka tura ƙauyen fadama ya duba marasa lafiya ko ya koyar da yara, ya dinga neman hanyar komawa birni alhali albashi yake karɓa, wane gudu ya yi? Ai na makiyayin haya ne.

Jama'a, gobe mu za a miƙa wa takardun kama aiki. An ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma lalle wata rana zai zo mana. Ran nan sai kowa ya tambayi kansa: wa zan tserar, wa kuma zan bari a baya?