Hutu da Natsuwa a Rayuwar Ruhaniya: Haƙƙin Mai Bishara na Karkara

Wannan takarda ta tsaya a kan batu guda, wato cewa ikkilisiyoyin ƙasar Hausa sun gaji aikin bishara daga magabata amma sun yar da hutun da ya tallafe aikin, kuma wanda ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai bishara na ƙauye. Hutu a nan yana nufin ajiye aiki da gangan na wani lokaci sananne, natsuwa kuwa ita ce yin shiru a gaban Allah domin saurare, ba domin roƙo kaɗai ba.

Manomin Toranke a ƙaramar hukumar Ajingi, ko na ƙauyukan Gaya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, ya san wannan batu tun daga gonarsa, domin Bahaushe yana da kalmar saura, wato gonar da aka bari ta huta har ƙarfinta ya dawo. Yawan jama'a a ƙasar Kano ya sa saura ta yi wuya, sai ana noma gero da dawa a fili ɗaya kowace damina, ana toshe gajiyar ƙasa da taki. Littafin Firistoci sura ta 25 ya ɗora wannan sani a matsayin doka, inda aka umarci Isra'ilawa su noma ƙasa shekara 6 su bar ta a ta 7, sannan bayan shekara 49 a keɓe ta 50 domin mai da gonaki ga masu su. Umarnin da ya kare ƙasa daga gajiya, da wuya a ce ya tsallake mai wa'azi.

Tarihin mishan ya fi komai fito da hujjar. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka soma aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, sun sauka Legas a 1893, kuma kafin 1894 ta ƙare zazzaɓi ya kashe biyu na farko. Ƙungiyar ta ɗauki darasi, ta kafa gidan hutu a Miango da ke tudun Filato a 1914, wato shekara 18 kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara 40 kuma kafin kafuwar ikkilisiyar ECWA a 1954. Jerin waɗannan shekaru ya nuna cewa Turawan mishan sun lissafa hutu cikin kayan aiki na farko, suna kuma komawa ƙasashensu bayan 'yan shekaru domin su murmure. Mai bisharar da ke zaune yau a ƙauyukan Maguzawa na Sumaila ko Tudun Wada ya gaji wa'azinsu da waƙoƙinsu, amma ba a bar masa gadon wannan hutu ba.

Makonsa ba shi da kafa. Lahadi, ranar hutun kowa, ita ce ranar aikinsa mafi nauyi, sauran kwanakin kuma sun rabu tsakanin gonar da yake ciyar da iyalinsa da ita, ziyarar marasa lafiya, jana'iza, sulhunta ma'aurata da tarurrukan da majalisar ikkilisiya ta gunduma ke kira ba tare da duban damina ba. Abin mamaki, matsalar tsohuwa ce, don ko dokar da Sarki Konstantin na Rum ya kafa a shekara ta 321, wadda ta mai da Lahadi ranar hutu, ta cire manoman karkara daga ciki. Amma Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ba ma'aikaci awa 24 a jere na hutu cikin kowane kwana 7, sashe na 18 kuma ya ba shi aƙalla kwana 6 da albashi bayan wata 12 na aiki. Kundin dokokin Katolika na 1983, a doka ta 533, ya yarda limamin coci ya yi hutun wata guda a shekara. Shugabannin ikkilisiya da ke iya lissafin baiko da zakka har zuwa kobo na ƙarshe ba su da uzurin kasa lissafin kwanakin hutun ma'aikatansu, kuma amsar da suka saba bayarwa, cewa bawan Allah zai huta a sama, ba tauhidi ba ne, gudun ɗawainiya ne.

Natsuwa ma ta yi ƙaranci a cikin sujada, domin addu'ar kwana da lasifika sun sa ana auna ƙarfin ruhaniya da ƙarfin murya. Annabi Iliya, da ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci da abinci aka fara ba shi kafin a yi masa magana a Horeb cikin murya marar ƙarfi, kuma a Markus sura ta 6 Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa saboda ko damar cin abinci ba su samu.

Don haka takardar tana kira ga majalisun ikkilisiya da su rubuta wa kowane mai bishara rana guda a mako wadda ba Lahadi ba, da hutun mako biyu bayan kaka, a kuma sa kuɗin motarsa da na wanda zai riƙe masa coci a cikin kasafin shekara mai zuwa.